Ziyarar Disneyland ta Faransa: Ina Ya Kamata Iyali Su Kwana?

A wannan wata ƙasar Faransa za mu leƙa, wurin wasan nan da yara suka daɗe suna gani a talabijin, wato Disneyland ta birnin Faris. Idan Allah ya hore wa maigida har ya yi niyyar kai iyali can, ko kuma kuna zaune a Turai yara sun dame ku da roƙo, akwai tambaya ɗaya da za ta taso tun kafin a sayi tikitin jirgi: a ina za a kwana? A otal ɗin da kamfanin ya gina a cikin harabar wurin, ko a wani masauki na cikin gari mai sauƙin kuɗi? Maigida zai dubi aljihu, kuma yana da gaskiya. Ke kuwa ke ce za ki goyi ƙaramin, ki lallashi na tsakiya, ki tuna wa kowa lokacin salla, don haka ya kamata ki san abin da ke cikin kowane zaɓi kafin ku zauna shawara.

Yadda aka faro

Walt Disney ya buɗe wurin wasansa na farko a jihar Kalifoniya ta Amurka a shekarar 1955. Ginin ya cinye masa kuɗi har bai iya gina masaukin baƙi ba, sai wani attajiri mai suna Jack Wrather ya gina otal a gefen wurin, kuma bai zama mallakar kamfanin ba sai a 1988. Kafin a ankara ƙananan otal-otal da shaguna na wasu mutane sun kewaye wurin, suna cin ribar baƙin da shi ya jawo. Wannan ya sa da kamfanin ya tashi gina na biyu a jihar Fulorida, sai ya sayi makeken fili, ya buɗe wurin a 1971 tare da otal-otal nasa na kansa. Dabarar ita ce baƙo ya kwana a wurinsu, ya ci a wurinsu, ya yi tsaraba a wurinsu. Don baƙon ya yarda ya biya, sai suka ware masa wasu gata da na waje ba ya samu. Ki riƙe wannan a ranki: ciniki ne, ba kyauta ba. Aikinki shi ne ki auna ko gatan ya kai kuɗinsa a wurin iyalinki.

Na Faransa an buɗe shi ranar 12 ga Afrilu, 1992, da sunan Euro Disney, a wani yanki da ake kira Marne-la-Vallée, kimanin kilomita 32 gabas da tsakiyar Faris. Ya fara da ɗakunan kwana sama da 5,000, waɗanda suka yi wa baƙin shekarun farko yawa har kamfanin ya tafka asara, aka sauya masa suna zuwa Disneyland Paris a 1994. A 2002 aka ƙara fili na biyu mai suna Walt Disney Studios, wanda a 2024 aka sanar da sauya masa suna zuwa Disney Adventure World. Babu wurin wasa a nahiyar Turai da ya kai shi yawan maziyarta.

Masaukai bakwai

Na farko kuma mafi tsada shi ne Disneyland Hotel, wani gini mai launin hoda da aka ɗora a kan ƙofar shiga babban filin, ta ƙarƙashinsa ma jama'a suke wucewa. An rufe shi an yi masa kwaskwarima, aka sake buɗe shi a watan Janairu na 2024. Wanda ya sauka a nan daga ɗakinsa sai ƙofa.

Daga nan idan kika ratsa wata 'yar unguwa ta shaguna da gidajen abinci da ake kira Disney Village, za ki fito bakin wani tafki da aka haƙa, wanda otal uku suka kewaye. Akwai Hotel New York, wanda tun 2021 aka ƙawata shi da zane-zanen jaruman Marvel da samarin yara suke so, tafiyar kamar minti 10 ce a ƙasa zuwa ƙofa. Akwai Newport Bay Club, fari da shuɗi, mai kama da gidajen bakin teku, da ɗakuna sama da 1,000. Sai Sequoia Lodge, na katako da duwatsu a cikin itatuwa. Waɗannan biyun tafiyar kamar rubu'in awa ce.

Can gaba kaɗan, a gefen wani ɗan rafi, akwai biyu masu sauƙin kuɗi. Hotel Cheyenne an gina shi kamar ƙauyen kaboyi na finafinan da, ɗakunansa da adon Woody na fim ɗin Toy Story. Hotel Santa Fe kuma adon motocin fim ɗin Cars ne. Daga cikinsu zuwa ƙofa kamar minti 20 ne a ƙasa, amma akwai bas kyauta da ke kai da komowa. Waɗannan biyun ba su da wurin ninƙaya, sauran suna da shi.

Na bakwai shi ne Davy Crockett Ranch, wanda ba otal ba ne irin wanda kika sani. Ƙananan gidaje ne a cikin daji, kowanne da madafinsa, yana ɗaukar har mutum 6. Sai dai yana nesa, tafiyar kamar minti 15 a mota, kuma bas ɗin kyauta ba ya zuwa can, dole sai da motar kanku ko ta haya.

Sammakon da babu wahala

Babban gatan da ake yi wa masu kwana a ciki shi ne shiga da wuri. Ana buɗe musu ƙofa kafin sauran jama'a, galibi daga ƙarfe 8:30 zuwa 9:30 na safe. Awa ɗaya za ki ga kamar ba komai ba ce, sai kin ga layin wurin. Akwai abubuwan hawa irin su Crush's Coaster da Peter Pan's Flight waɗanda da rana ta ɗaga ana iya tsayuwar awa guda ko fiye kafin a hau na 'yan mintoci. Ki ƙiyasta wannan tsayuwa da ɗan shekara huɗu da ke jin fitsari. A wannan awa ta safe ba duka abubuwan ake kunnawa ba, amma waɗanda aka kunna layinsu gajere ne, sai yara su hau biyu ko uku kafin cincirindo ya iso, ku kuma ɗauki hotonku a gaban gidan sarautar nan ba tare da kawunan mutane sun cika shi ba.

Iyalin da suka kwana a cikin Faris kuwa, ko da sun tashi da asuba sun kamo jirgin ƙasa, za su tarar an riga su. Hausawa sun ce in ka yi sammako wani a tafe ya kwana. A nan ke ce wadda ta kwana a tafe, kuma ga mai tashi sallar asuba shirya yara kafin ƙarfe takwas ba sabon abu ba ne.

Komawa ɗaki da rana

Wannan shi ne amfanin da ba a cika rubutawa a takardun talla ba, kuma a wurin uwa ya fi duka. Wurin faɗi gare shi, wuni ake yi ana tafiya da tsayuwa. Da azahar ta yi za ki ga yara sun fara ƙananan koke-koke, babansu ya fara ɗaure fuska, wurin kuma lokacin ya fi cika. Idan ɗakinku yana kusa, sai ku fice, tikitinku yana ba ku damar dawowa a ranar. A yi wanka, a canja wa jariri, ki shayar da shi cikin sirri, kowa ya miƙe ƙafa ya yi barcin awa ɗaya ko biyu, da la'asar a koma da sabon ƙarfi. Wanda masaukinsa ke cikin Faris ba shi da wannan zaɓi, domin jirgin ƙasa na RER A yana ɗaukar kamar minti 40 daga tsakiyar gari, zuwa da dawowa sun cinye rabin yammacin.

Sai maganar salla. Alwala a banɗakin jama'a na Turawa, inda babu buta kuma mata suna layi a bayanki, abu ne da duk wadda ta gwada ta san nauyinsa. A ɗakinki kuwa ga ruwanki, ga dardumarki, ga natsuwa. Ki sa buta ƙarama a cikin kaya tun daga gida. Alƙibla a Faris tana kudu maso gabas ne, ki tabbatar da manhajar wayarki. Lokutan salla kuma sun sha bamban da waɗanda muka saba. A watan Disamba azahar tana shiga wajen ƙarfe ɗaya saura, magariba kafin ƙarfe 5, wato salloli uku a cikin awa huɗu da 'yan kai, daidai lokacin da ake tsakiyar wasa. A watan Yuni kuma rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare. Kafin ku tashi maigida ya tambayi malami hukuncin ƙasaru da haɗa salla ga matafiyi, don ku tsara wuninku a kan sani.

Dare ma haka. Ana rufe babban filin ne da wasan wuta da haske a jikin gidan sarauta, kuma lokacin zafi sai bayan ƙarfe 10 na dare ake yin sa, saboda sai duhu ya yi. Da an gama dubban mutane suke tuɗaɗowa waje lokaci ɗaya. Masu kwana a ciki su taka ko su hau bas, cikin ɗan lokaci yara suna kan gado. Sauran kuwa tashar jirgi za su nufa, a yi turereniya da keken jariri da yaro mai barci a kafaɗa, a isa masauki tsakar dare, gobe kuma a ce za a sake sammako.

Tikiti, kaya da mota

Idan aka kama ɗaki ta hannun kamfanin, yawanci ana haɗa shi da tikitin shiga filayen biyu na kowace rana, har da ranar isowa da ranar tafiya. Wato kwana 2 yana zuwa da tikitin wuni 3. Wannan yana da muhimmanci wajen lissafi, domin mutane da yawa suna kwatanta kuɗin otal ɗin ciki da na waje su ga tazara mai yawa, sun manta cewa na ciki da tikiti a cikinsa. Yaron da bai kai shekara 3 ba kyauta yake shiga, daga 3 zuwa 11 kuɗin yara, daga 12 kuma kuɗin babba ake biya masa.

Ba a ba da ɗaki sai ƙarfe 3 na rana, ana kuma fita ƙarfe 11 na safe, amma ba sai kun zauna gadin akwatuna ba. Kuna isowa da safe za a ba ku katinku, ku ajiye kaya a ma'ajiyar otal, ku wuce wasa. Ranar tafiya ma haka. Wanda ya zo da mota ba ya biyan kuɗin ajiye ta, a otal ko a bakin filin. Daga filin jirgin sama na Charles de Gaulle kuma akwai jirgin ƙasa mai gudu, TGV, da ke kawo mutum tashar Marne-la-Vallée Chessy cikin kamar minti 10, tashar kuma a bakin ƙofar wurin take.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da yara ba sa mantawa. Masu shigar Mickey da abokansa sukan zo cikin otal su gaisa da yara a ɗauki hoto, ba tare da dogon layin cikin fili ba. Masu ɗaki kuma suna iya kama tebur a gidajen abinci tun watanni da dama kafin na waje ya samu dama.

Abin da kuɗin bai saya miki ba

Kada a rufe ki da daɗin baki. Da farko, karin kumallo ba ya cikin kuɗin yawancin ɗakuna, daban ake biya, haka sauran abinci, kuma abincin wurin akwai tsada. Na biyu, kwana a ciki ba ya ba ki damar tsallake layi da rana. Tsarin tsallake layi na kyauta an soke shi a 2021, aka kawo wanda ake biya mai suna Premier Access. Na uku, akwai ɗan harajin kwana da Faransa ke karɓa a kan kowane babba a kowane dare, ban da yara 'yan ƙasa da shekara 18.

Na huɗu, kuma wannan ya shafe mu sosai, ɗakin otal na yau da kullum mutum 4 yake ɗauka, sai gadon jariri ɗaya. Turawa sun yi lissafin da iyalinsu ne. Idan yaranki uku ne da suka wuce goyo, ko huɗu, ko kuna tafe da kaka ko ƙanwar maigida, to sai ɗaki biyu ko ɗakin iyali, wanda ba shi da yawa kuma yana saurin ƙarewa. A nan ne kuɗi ke ninkawa, a nan ne kuma gidajen Davy Crockett suke da amfani ga wanda zai iya tuƙi a can.

Na biyar, abinci. Faransa ba ƙasar Musulmi ba ce, naman alade yana cikin abincin yau da kullum, ana kuma sayar da giya a otal-otal ɗin da wasu gidajen abinci. Ki haddace kalmomi uku da za ki gani a rubuce: porc, jambon da lardons, duk alade ne. Kada ki ɗauka kaza ko naman sa yankan Musulmi ne sai kin tambaya an tabbatar miki, kalmar halal kowane ma'aikaci ya san ta. Idan babu tabbas, kifi da ƙwai da kayan lambu da dankali da burodi sun ishe ku kwana biyu ko uku. Ki lura da alewoyi masu danƙo, domin da yawansu da sinadarin jelatin na alade ake yi. Wuraren ninƙaya kuma maza da mata a haɗe suke, don haka idan ba za ku shiga ba, kada ku biya kuɗin otal mai tsada saboda su.

Idan aka zaɓi waje

Ba aibi ba ne. Tasha ɗaya kafin Disneyland akwai unguwar Val d'Europe, mai babbar kasuwar zamani da kantin kayan abinci, da masaukai masu ɗan madafi a ciki. Uwargidan da ta saba da girkinta za ta iya sayo shinkafa da kifi da tumatir ta dafa abin da yaranta suka sani, ta kuma san abin da ta sa musu a baki. Akwai kuma otal-otal na wasu kamfanoni da ke da yarjejeniya da Disney, da yawansu suna da bas kyauta zuwa ƙofa, suna da ɗakuna masu ɗaukar mutum biyar ko shida, sai dai shigar wuri ta safe ba ta cikin abin da suke bayarwa. Wannan shi ne tsaka-tsaki: kusa da wurin, ba tare da tsadar ciki ba.

Yadda za ku yi lissafi

Ki ɗauko takarda ku zauna da maigida. A gefe ɗaya ku rubuta kuɗin otal ɗin ciki tare da tikiti, ku ƙara abinci. A ɗaya gefen ku rubuta kuɗin masaukin waje, da tikitin kowa na kowace rana, da kuɗin jirgi ko tasi zuwa da dawowa, da abinci. Sai an haɗa duka ake ganin ainihin tazarar, wani lokaci ta yi ƙasa da yadda ake zato, wani lokaci kuma ta kai kuɗin wata buƙata mai muhimmanci a gida.

Daga nan ku dubi iyalinku. Idan yaran ƙanana ne, 'yan ƙasa da shekara bakwai, ko kina da juna biyu, ko kuna tare da tsohuwa mai ciwon ƙafa, kuma za ku yi wuni biyu ko uku a wurin, kwana a ciki ya cancanci kuɗinsa, ko da a Cheyenne ne ko Santa Fe, domin gatan shiga da wuri ɗaya ne ga mai otal mai tsada da mai araha. Idan kuwa yaran sun tasa, ko wuni ɗaya kawai za ku yi, ko kuna da 'yan'uwa a Faris da za su sauke ku, to ku ajiye kuɗinku. Wasu iyalai sukan raba: kwana ɗaya ko biyu a ciki, sauran kwanakin a cikin gari don ganin hasumiyar Eiffel da babban masallacin Faris da aka buɗe a 1926.

Lokaci ma yana sauya farashi. Yuli da Agusta, ƙarshen Oktoba da hutun Kirsimeti su ne lokutan cika da tsada, saboda makarantun Faransa suna hutu. Tsakiyar mako a watan Janairu ko Maris ya fi sauƙi, amma sanyin ya wuce na hunturunmu nesa ba kusa ba, sai da rigunan sanyi masu kauri da safar hannu. Idan lokacin zafi za ku, ki tambaya ko ɗakin yana da na'urar sanyaya iska, ba kowane ɗaki a Faransa yake da ita ba. Ki kuma auna tsawon yaranki tun a gida, domin wasu abubuwan hawa suna da ƙa'ida: Big Thunder Mountain sai mai santimita 102, Hyperspace Mountain sai mai 120. Gara yaro ya sani tun a gida da ya yi kuka a bakin ƙofa. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka kada ku biya kuɗin da ba a mayarwa kafin bizar Schengen ta fito, ku karanta sharuɗɗan soke ɗaki da kyau, ku kuma duba shafin kamfanin a intanet dab da tafiya, saboda lokutan buɗewa da gyare-gyaren otal suna canjawa.

Abu na ƙarshe 'yar'uwa, kada a ci bashi don wasan kwana uku, kada kuma ki matsa wa maigida don kawai wance ta je ta turo hoto. Daidai ruwa daidai tsaki. Idan da hali, ku kwana a ciki ku huta, idan babu, ku kwana a kusa ku yi sammako, yaran dai Mickey ɗaya za su gani. Allah ya hore mana na halal, ya kai matafiyanmu lafiya ya dawo da su lafiya. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.